Yadda Na Je Kwatano Sauraron Babur Marar Ƙara

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta ba. A majalisar bakin tasha, a ƙofar masallaci, har a wurin ta'aziyya, sai wani ya matso ya ce, "Tanimu, yaya ƙasar? Da gaske baburansu ba sa shan mai?" Wasu kuma suna yi da ni a bayan ido, wai na dawo da girman kai, a yi mini magana in yi banza da mutum. To, ga labarin na rubuta, in huta, ku ma ku huta.

Ga wanda bai san ni ba, ni bakaniken babur ne a Batsari, na haura shekara talatin a rumfa ɗaya. Abin da aka san ni da shi kunne ne. Daga Yasore har Safana, mutum ba ya sayen babur, sabo ko na hannu, sai ya turo shi rumfata ya ce, "Ji mini." In sa a buga kik, in karkata kai, in rufe ido, in ce masa fistin ne, ko tafet, ko kuma lafiyarsa ƙalau ya je ya biya. Har suna aka sa mini, Kunnen Batsari, kuma ba zan yi ƙarya ba, sunan yana yi mini daɗi.

Abin da ba ku sani ba shi ne, damina biyu ke nan kunnena na hagu ya mutu murus. Na dama kuma kukan gyare yake yi mini dare da rana, maganar mutum sai yana kusa, sai ina kallon bakinsa. Da hannu nake aiki yanzu. In ɗora tafi a kan tanki kamar ina jingina, girgizar injin ta gaya mini abin da kunne ya daina gaya mini, sannan in karkata kai in rufe ido kamar da. Ban faɗa wa kowa ba. Tsorona shi ne ranar da aka gane, rumfar ta tashi, don ba wanda zai kawo wa kurma babur ya ce ya ji masa.

Ana haka Alhaji Mamman ya zo. Dillalin babura ne a Safana, abokin yayana marigayi, kuma shi ya fara kawo mini aiki tun ina saurayi. Ya ce mai ya gagari mutane, ga shi kuma a ƙasarmu ɗaukar mai a jarka ya zama abin tuhuma. Ya ji labari kamfanin nan da ya ƙera baburan da muke hawa shekara da shekaru ya fito da babur mai caji, kuma a Kwatano 'yan acaɓa sun daɗe suna aiki da irinsu.

"Ba na 'yan kamfanonin nan da ba a san ubansu ba ne," in ji shi. "Ina da sola a rijiyata, caji ba zai gagara ba. Amma ban taɓa sayen babur ba sai ka ji, Tanimu, ba kuwa zan fara da wannan ba. Shirya."

Na kawo uzurin aiki, na kawo na ciwon baya, bai karɓi ko ɗaya ba. Kwana uku na yi ina kai da kawo a rumfa, in ɗauki sifana in ajiye.

Mun bar Batsari a bayan akori-kura bayan rana ta ɗaga, don hanyar Katsina ba a yi mata sammako. Wanda bai san ƙasarmu ba zai yi mamakin shirun motar. Direba ya kashe rediyo, mata sun hana yara kuka, kowa ya kasa kunne ga daji ko zai ji baburan 'yan bindiga. Ni kuwa fuskokin mutane nake kallo. In na ga sun saki jiki, in saki nawa. Wata tsohuwa kusa da ni ta dafa ni ta ce, "Kai da ke da kunne, ka ji wani abu?" Na ce ban ji komai ba, kuma gaskiya na faɗa mata.

A Katsina muka shiga doguwar mota ta Legas. Na yi rigima sai da aka ba ni kujerar taga ta hagu, don Alhaji ya faɗo a damana. Ya dube ni ya ce, "Kai da ba yaro ba, mi za ka kalla?" Na ce iska nake so.

Tafiyar nan ta fi ƙarfin bayan mai shekaruna. Bayan mun wuce Kaduna wani mai tallar magani ya miƙe a tsakiyar mota, da jaka a wuya, ya yi ta zuba. Maganinsa na basir ne, na sanyi ne, na ciwon haƙori ne, har ya nuna kunnensa ya girgiza wata 'yar kwalba. Da aka tsaya salla na faki idon Alhaji na saya, na laɓe bayan mota na ɗiga. Abin da na samu shi ne maiƙo da ya gangaro mini har wuyan riga, yana warin soyayyen kifi. Alhaji ya shinshina ya ce, "Ka ci wani abu ba ka ba ni ba?" Haka na isa Lakwaja ƙudaje na bin kafaɗata. A nan muka ci doya da kifin kogi, barkonon ya sa Alhaji hawaye, ya ce wa mai abincin, "Baiwar Allah, mun yi faɗa ne?"

Legas ba zan ce na gan ta ba. Na ga bayan mutane da gefen motoci, shi ke nan. Kowa na ihu, wanda hakan ya yi mini daidai, don a garin nan ne kaɗai na ji duk abin da aka ce mini.

A iyakar Seme ne na fara tabka abin kunya. An duba takardunmu da katin rigakafi, an buga hatimi, na saɓa jakata na yi gaba. Ashe na bar katina a kan tebur, ma'aikacin yana ta kirana daga baya. Ina tafiyata hankali kwance sai na ji an riƙe mini hannu. Na juyo na ga mutum cikin kaki yana haki, ransa a ɓace, jama'a sun zuba mana ido. Alhaji ya iso da sauri ya ce, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, ba ya jin Faransanci." Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya ce da Hausa tsantsa, "Da Hausa na kira shi, Alhaji. Sau huɗu." Ya miƙo mini katin. Alhaji ya dube ni ta gefen ido, muka shiga mota.

A unguwar Zango muka sauka, gidan Malam Garba, wani mahauci mutumin Yasore da ya daɗe a can yana tsire. Ya ba mu ɗakin ƙofar gida da tabarma biyu da fanka mai rawa da kai. Bai bari mun sha ruwa ba ya fara tambaya: wane yana nan? Gonar wane fa, ana nomanta? Rabin waɗanda ya tambaya sun bar ƙauye, Alhaji na amsa masa a hankali, shi kuwa yana ta juya wuƙa a hannu. Da safe aka kawo mana wani biredi dogo mai tauri, na ce da za a ba ni shi a rumfa da na cire taya da shi. Da rana tuwon masara mai tsami da miyar kifi. Na ci don yunwa, amma raina na wurin fura.

Garin babura ne, wannan ba musu. 'Yan acaɓarsu duk riga ɗaya ruwan ɗorawa, kowa da lambarsa a baya, kowa da hular kwano. Mata na tuƙa ƙananan babura, da jaka a ƙafa da goyo a baya, ba mai ko waiwayensu. Alhaji ya ce, "Ka ga Hajiyata a kan wannan, ranar sai Safana ta tashi." Mai kuwa a manyan kwalabe suke jera shi a bakin titi, abin da a wurinmu zai sa a kira ka a yi maka tambayoyi. Da tsakar rana kuma kantuna su rufe, wai an tafi cin abinci, ko da mai saye na tsaye a ƙofa. Wannan ya fi komai ba Alhaji haushi.

Na ga masu cajin suna wucewa a cikin sauran. Na kasa kunne iya ƙarfina, amma a cikin hayaniyar titi ni duk ɗaya nake jin su, kamar ana daka a nesa. Na ce a raina, lantarki ne, ƙararsa za ta yi ƙasa-ƙasa, hannu zai kama.

Rana ta uku muka je kantin dillalin kamfanin. Wuri ne mai sanyi, ƙasa na ƙyalli, ba ɗigon baƙin mai ko ɗaya, har na rasa inda zan sa ƙafa. Mai kula da gyaransu wata mace ce, Rakiya, haihuwar Zango, Hausarta na da gardin Faransanci. Ta gaishe mu da ladabi, ta fito da babur ɗin. Tambarin da na sani ne a jikinsa, wanda na fi shekara talatin ina gogewa da tsumma. Amma ba kik, ba salansa, ba kabureta, ba kiloci. Inda tanki ya kamata ya kasance, wurin ajiye hula ne.

Alhaji ya gyara tsayuwa ya ce mata, "Wannan da kika gani, duk ƙasarmu ba mai kunnensa. Tada shi ya ji."

Ta murɗa makulli, wata koriyar fitila ta kama. Ta ce, "Ya tashi, Baba."

Na ɗora tafina. Babu komai. Na matsar da shi kan kujera, na sauke shi gefen batir, ƙarfe sanyi kamar ƙofar gida. Ma'aikata uku sun taru, Alhaji na murmushin alfahari. Sai na yi abin da na saba. Na karkata kai, na rufe ido, na ɗan ja lokaci, sannan na ce, "Lafiyarsa lau. Sai dai sulo ɗinsa ya ɗan yi ƙasa, a ɗaga shi kaɗan."

Rakiya ta fashe da dariya, ta fassara wa sauran, su ma suka kwashe. "Kai, Baba, kana da ban dariya! Ai a tsaye ba ya cewa komai. Ko ƙis. Sai an murɗa totur ya ɗan yi shuuu." Sun ɗauka raha na yi. Na buɗe baki in taya su, sai idona ya faɗa kan Alhaji. Shi bai yi dariya ba, ya san fuskata ta aiki da ta wasa.

Sai bayan la'asar ya tada maganar, muna zaune bayan tukubar Malam Garba. Ya taso daga inda yake, ya zagayo ta damana, ya zauna.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu, Alhaji."

"Na yi zargin na hagu. Ban san ɗayan ya bi ba." Sai ya ɗaga murya. "Babura nawa ka ji mini a haka? Ina ce wa mutane Tanimu ya ji, Tanimu ya ji, ashe shafa kake yi!"

Raina ya ɓaci ni ma. Na ce, "Ko ɗaya ya dawo maka?"

"Bai dawo ba."

"To."

"Ba to ba ne. Da sunana nake rantsuwa a kan kunnenka." Ya ɗauki tsinken tsire ya karya. "Ba zan faɗa wa kowa ba, albarkacin yayanka. Amma bakina ba zai sake cewa Tanimu ya ji ba. Sauran ya rage naka."

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina yaro. Na kuma ji haushinsa, don ya fi ni gaskiya.

Washegari na koma kantin ni kaɗai, don zaman ɗakin ya gagare ni. Na ce wa Rakiya, "'Yata, in wannan abu ya yi ciwo, yaya kuke sani, tunda ba ya kuka?" Ta ɗauko wata 'yar mita mai waya biyu, ja da baƙa, ta nuna mini lambobin da ke fitowa a gilashin kan babur. Kwana huɗu na yi ina zuwa. Ta koya mini auna batir, da wayoyin da ba a taɓawa da hannu, da abin da ruwa ke yi wa mahaɗa. Birki da taya da ƙafa kuwa duk nawa ne, har na nuna mata inda za su fara kwancewa a hanyarmu ta Runka. A rana ta biyu ta daina yi mini magana tana duƙe, sai ta ɗago ta fuskance ni. Ba ta tambaye ni komai ba, na kuwa gode mata.

Alhaji ya sayi ɗaya na gwaji. Yadda muka sha da takardu da lodi da saukewa har Safana, wannan labarin wata rana ne. Ranar da aka kwance shi daga kwali rabin gari ya taru a ƙofar gidansa. Wani maƙwabcinsa ya zo da kwalbar mai zai zuba masa na sa albarka, ya zagaya babur ɗin sau biyu yana neman murfin tanki, ya koma da abinsa yana ƙunƙuni. Babur ɗin ya kwana a jikin sola, da hantsi na tuƙa, Alhaji a baya, muka kama hanyar Batsari.

Hawansa akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Ba giya, ba zafi a ƙafa, ka murɗa ya tafi. Har na fara lissafin yadda zan koma mai gyaran irinsu in rufa wa kaina asiri, ba tare da na ce wa kowa komai ba.

Dab da Runka muka cim ma wasu mata huɗu da dammunan gero a ka. Daga baya Alhaji ya ce ya yi mini magana in yi hon, ban ji ba. Sai kawai suka ga babur da maza biyu a kafaɗarsu. Ɗaya ta yi jifa da dami ta kurma ihu ta faɗa cikin gona, sauran suka watse. Kafin in taka birki maza sun fito daga shingen shiga gari, kowa da abin da ke hannunsa. Allah ya sa sun san fuskokinmu.

Shugaban masu tsaron, wani dattijo Ɗanjuma, ya zagaya babur ɗin fuska a murtuke.

"Alhaji, mi kuka kawo mana? Nan garin da kunne muke kwana, da kunne muke tashi. Mun san mashin ɗin malamin asibiti, mun san na mai biredi. In muka ji da yawa a haɗe, mun san mi ke nan, kowa ya ɗauki ɗansa. Wannan fa?"

Alhaji ya ce, "Ai yana da hon."

"Hon sai mai shi ya so. Ko dai ya riƙa ƙara da kanshi, ko kar ya sake biyo hanyar ga."

Matar da ta faɗa gona ta dawo, gwiwarta na jini, tana tattara zangarniyar da ta zube. Ba ta zage mu ba, da ta zaga da na fi jin sauƙi.

Na ce a ba ni gwangwanin madara da waya. Na yanka shi da almakashin jakata, na ɗaure harshensa yana taɓa wayoyin ƙafar baya, yadda in ta juya zai riƙa bugawa. Na juya tayar, na ji shi a yatsuna yana kaɗawa.

Ɗanjuma ya ce, "Madalla. Alhaji ya tafi da shi can bayan kwanar, wajen tsamiya, ya dawo. Ai ga Kunnen Batsari Allah ya kawo mana. Malam Tanimu, kai za ka tsaya nan ka ce mana daga ina ake jin shi. In ka ce ya isa, ya isa."

Alhaji ya hau, ya dube ni sau ɗaya, ya tafi.

Na san yadda zan yi. In kalli fuskokinsu, in na ga sun motsa in ɗaga hannu, kamar yadda na yi a akori-kura. Amma duk ni suke kallo, sun bar mini sauraron. Har na karkata kai, na fara rufe ido, sai na ga matar nan tsaye da daminta, ita ma ni take jira. Wannan ba fistin ɗin wani ba ne. In na ce ya isa alhali bai isa ba, a kan maganata za su saki jiki.

Na miƙe kaina. Na ce, "Malam Ɗanjuma, ni ba na ji. Na hagu ya mutu, na dama saura kaɗan. Damina biyu ke nan." Na ƙara da ƙarfi don na baya su samu. "Ku ji mini."

Ba wanda ya yi dariya. Ɗanjuma ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga hanya ya ɗaga wa mutanensa hannu su yi shiru. Muka tsaya. Ni ban ji komai ba sai gyarena. Can sai matar ta ɗaga hannu, na ga bakinta ya ce, "Ga shi nan." Na ƙirga numfashina har goma sha ɗaya kafin hular Alhaji ta ɓullo daga kwanar.

Sun ce bai isa ba, a ƙara gwangwani na biyu. Na ƙara, aka sake, suka yarda.

Labarin ya riga ni isa wasu wuraren, wasu kuma bai kai ba, shi ya sa na rubuta. Masu turo babur su ce in ji musu sun ragu, wannan gaskiya ne, kuma yana ci mini rai. Jiya dai wani ya zo daga Yasore ya ce, "Taɓa mini," na taɓa, ringi ne. Mita mai waya biyu tana rataye a rumfa, babur ɗin Alhaji na zuwa duk Laraba da gwangwanayensa, yara sun ce tun daga gada ake jin sa.

Ku kuma masu cewa na je Kwatano na dawo ba na amsa gaisuwa, ban ƙi ku ba. Ku zagayo ta dama.